Shanun da Adamu Ya Zo Mayarwa

Gusau, 14 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Mahadi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da mahaifiyarka Inna Ma'u da yara. Ni dai gwiwa ce ke damuna, ido kuma ya fara gajiya. In ka ga rubutun ya karkace, ka san dalili.

Shekara uku ke nan tun ranar da ka tsaya a ƙofar masallacinmu na Unguwar Tambaya ka kira ni lauyan ɓarayi, mutane suna ta dariya. Laifina ɗaya, na ce kada a ƙone rugar da ba a tabbatar da laifinta ba. Kakanka da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma ni na riƙe hannunka a aji ɗaya har ka iya rubuta sunanka. Ban manta ba. Da matata Hanatu ta rasu a nan Gusau, har waɗanda ba su san ni ba sun zo gaisuwa, kai ba ka zo ba. Na faɗi wannan ne don kada ka ɗauka kewa ce ta sa na ɗauki biro. Buƙata ce. Da ba a rufe layukan waya ba, da na faɗa maka a taƙaice na kashe. Ashiru direba ne zai kawo maka takardar nan, tunda na ji kun koma Tsafe da zama, kuma an ce yanzu kana cikin manyan 'yan sa-kai.

Maganar Adamu ce. Ka san shi tun kana yaro. Tun zamanin mahaifinsa, duk kaka in an yanke dawa, garkensu ke shiga gonarmu ta hanyar 'Yankuzo, su ci kara su bar mana taki. Matarsa Hauwa'u tana kawo nono, mahaifiyata tana auna mata hatsi, ban taɓa jin sun yi ciniki ba. Shanun gidanmu a hannunsa suke amana, da saniyar Inna Ma'u, da na wasu gidaje a ƙauyen. Yanzu tsoho ne, sai ɗansa Isah ke taya shi kiwo.

Ashiru ya gaya mini ana ambatar rugarsa a zamanku. Na san abin da ke biyo bayan irin wannan ambato.

Ga abin da nake roƙo. 'Yata Sa'adiya tana aure a Bungudu, mijinta yana da gona a bayan gari, ya yarda Adamu ya sauka a can. Na aika wa Adamu saƙo ta bakin matan da ke fitowa titi da nono. Kai kuma ka ba shi hanya ya fita. Ni shaida ne a kansa: duk shekarun nan da ake kwashe shanun mutane, ko maraƙi ɗaya nawa bai ɓata a hannunsa ba.

Lokacin da muke kwalejin horar da malamai, akwai wani malamin fiƙihu da ya sa muka haddace dokokin yaƙi. Ba a kashe tsoho, ba a kashe mace da yaro, ba a taɓa wanda ya zauna a wurinsa bai ɗauki makami ba, ko itace mai 'ya'ya ba a sarewa. Na ci wannan jarrabawa da maki mai kyau. Na yi shekara talatin ina koyar da ita ga yara, yau rabin yaran suna riƙe da bindiga, wasu a daji, wasu a bakin gari. Ban ƙara yarda cewa karatu yana gyara kowa ba. Amma kai jinina ne, shi ya sa na gwada.

Babanka,
Attahiru

*

Tsafe, 26 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Baba Attahiru,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Inna tana gaishe ka, tana nan da tari amma da sauƙi. Yara lafiya.

Maganar ƙofar masallaci, ka yi haƙuri, ban kyauta ba. Rasuwar Inna Hanatu kuma, a makon ne muka binne mutum bakwai, ban samu kaina ba. Allah ya jiƙanta.

Amma Baba, kai ma ba ka zo ba. Na lura ba ka sa Rahama a gaisuwarka ba, sai na gane ko dai ka manta sunan matata, ko ba ka ji ba. An ɗauke ta a farkon damina, a gona, ita da wasu mata, suna tsakiyar shuka gyaɗa. Biyu sun dawo. Ita har yau. Ƙaramin yana kiran Inna da sunan uwa yanzu. Matan da suka dawo sun ce mutanen da suka ɗauke su sun san sunan kowace, sun san mijin kowace. Wa ya gaya musu? Ba daga sama suka ji ba.

Dokokin da ka haddace na yarda da su, addininmu ne. Sai dai yaƙin da ke cikin karatunku, abokin gaba yana zuwa da tutarsa, ka gan shi ya gan ka. Namu ranar Juma'a yana sahu ɗaya da kai, ranar Asabar ya rufe fuska ya hau babur. Sojoji suna ƙoƙari, amma kafin su iso mun gama wanke gawa. Kai kana Gusau kana jin labari. Mu muke ɗaukar makara.

Na karanta takardarka a gaban mutanenmu, don na ga dattijo ne mai ilimi ya yi shaida, na ce zai taimaki Adamu. Da na kai inda ka ce ko maraƙi bai ɓata ba, sai aka tsayar da ni. Wani daga wajen Bilbis, wanda aka kwashe masa komai har shanun huɗa, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "To ku gaya mini, kowa an cinye shi, Bahaushe da Bafillace, shi wanga tsoho wane tsari gare shi?" Baba, ban samu amsa ba. Har yanzu ban samu ba. Mu a aikinmu abin da muka gani shi ne, rugar da ba a taɓa ba, akwai dalili.

Ban ce Adamu ɓarawo ne ba. Na ce ban sani ba. Na roƙe su su dakata, sun ce sun ji.

Na gane damuwarka. Mutum ya yi ritaya, fansho ba ta zuwa kan lokaci, shanun nan su ne abin da ya rage maka. In Allah ya so ba za su salwanta ba, na ɗauki wannan a wuyana.

Ɗanka,
Mahadi

*

Gusau, 2 ga Oktoba, 2021

Mahadi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna Ma'u, Allah ya ba ta lafiya.

Wallahi ban ji labarin Rahama ba. Na ajiye takardarka na daɗe ban iya ɗauka ba. Na tuna ta tana 'yar makaranta, mai yawan tambaya, ita ce ta taɓa tambayata ko wata yana bin kowa ne ko ita kaɗai yake bi. Allah ya bayyana ta, ya dawo da ita cikin 'ya'yanta. Ban zo ba don ban sani ba, amma ka yi gaskiya, wanda ya yi shekara uku bai tambaya ba, ba zai sani ba.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Wa ya ce maka shanu nake kuka? Ka koma ka karanta. Na ce ka ba Adamu hanya. Mutum nake roƙo, ba saniya ba. In shanun nan ne za su jawo masa, a yanka su a raba wa 'yan gudun hijira, ban damu ba. Kuma takarda da na rubuta wa ɗana, me ya kai ta gaban taro? Na ba ka shaida, kun juya ta ta zama tuhuma. Ashe mun kai lokacin da riƙon amana ya zama abin zargi, wanda aka cuta ne kaɗai mai gaskiya.

Ka ce abokin gabanku ba shi da tuta. Haka ne. To shi ya sa dokar ta fi wajaba a kanku, ba ta sauka ba. Wanda ke ganin maƙiyinsa ƙuru-ƙuru ba ya buƙatar a ce masa ya tantance. Kai da ba ka gani, kai aka ce wa ka tsaya ka tabbatar. Ban ce kada ku kare kanku ba. Wanda ya zo da bindiga, ku tare shi da bindiga, ba ni da ta cewa. Amma "ban sani ba" ba hujja ba ce ta zubar da jini.

Ga abin da ya fi gaggawa. Amsar Adamu ta iso ta bakin Ashiru. Ya yi godiya, ya yarda zai koma Bungudu, amma ya ce ba zai ɗaga ba sai ya mayar wa kowa da dabbarsa hannu da hannu. Ka san al'adarsu, makiyayi ba ya ƙaura da amana. Na aika masa cewa na yafe, ya tafi da su. Ya ce ni na yafe nawa, sauran masu shanun fa? Tunda yawancinsu suna Tsafe yanzu, ya ce zai koro su da ƙafa nan da mako biyu, ya shigo ta hanyar gonaki da hantsi, ido na ganin ido.

Mahadi, ka san yadda Adamu ke aikinsa. Kowace saniyar amana yana tsaga mata kunne daban, gida-gida, don kada 'ya'yansa su gauraya su da nasu. Namu tsaga biyu ne a kunnen dama. Ta Inna Ma'u huda ce a na hagu. Ni kuma na ji yadda samarinku ke gane garken sata, wai in tsagar kunne ta bambanta a garke ɗaya, to an tattaro su ne daga hannu daban-daban. Ga dokar hana zirga-zirga da dabbobi a kai. Ka ga abin da nake tsoro. Yawancin masu tsaron bakin garinku ba 'yan ƙauyenmu ba ne, ba su san shi ba. Ka gaya musu tun yau. Ka fita da kanka ka tarye shi. Ka sha nonon rugar nan kafin ka iya tafiya.

Attahiru

*

Gusau, 24 ga Oktoba, 2021

Mahadi,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya. Ni ina nan.

Shiru. An buɗe mana waya a Gusau, na kira lambarka har na gaji, taku a rufe take. Na je tasha na nemi Ashiru, aka ce tun harin da aka kai a hanyarku direbobi suka janye, shi kuma yana gida da rauni a hannu. Babu wanda ya iya gaya mini ko ya ba ka takardata kafin abin ya faru. Wannan zan ba wani mai kai hatsi, ya biya ta wurin Ashiru ya karɓi waccan in tana nan.

Sa'adiya ta ce mijinta ya share wuri, ya kafa turaku. Kullum tana aiko tambaya. Ban san abin da zan ce mata ba.

In fushi ne ya hana ka amsa, ka yi fushinka, amma ka aiko mini da kalma ɗaya. Adamu ya iso?

Attahiru

*

Tsafe, 3 ga Nuwamba, 2021

Baba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna ta ji sauƙin tarin. Babu labarin Rahama.

Takardunka biyu sun iso tare, ranar Lahadi. Ta farkon tana aljihun Ashiru duk wannan lokaci. Da ta zo a kan kari, da wataƙila ba wannan nake rubutawa ba.

Adamu ya rasu. Allah ya jiƙansa.

Ranar Talata ce ta tsakiyar watan jiya. Kwana ɗaya kafin nan an kai hari wani ƙauye kusa da mu, an kashe mana yara biyu daga cikin masu tsaro, an kora shanu. Kowa ransa a ɓace yake. Da hantsi aka ga Bafillace yana koro garke ta hanyar gonaki, ga doka ta hana. Aka tsayar da shi, aka duba kunnuwa, kowace da irin tata. Ya ce amana ce, ya fara kiran sunayen masu su. Wani ya gane Adamu ne, ya ce ai wannan ne wanda ba a taɓa yi wa sata ba. Daga nan ba wanda ya ƙara sauraro. Ni na iso an gama. Matarsa tana biye da shi daga nesa, ba a taɓa ta ba. Isah ya gudu cikin dawa.

Baba, yaran nan ba mugaye ba ne. Wanda ya fara ɗaga hannu, a gabansa aka yanka mahaifinsa. Ban ce sun yi daidai ba. Amma in ka ce in kai su hukuma, gobe wa zai tsaya a bakin gari? Ranar da muka janye, ka san abin da zai shigo. Mun yi zama, an ja musu kunne, an ce daga yau duk wanda aka kama a kai shi gaban manya tukuna.

Na cika maka alkawari. Ana shirin raba garken a matsayin abin da aka ƙwato, na shiga na ware naka, tsaga biyu a dama, na ware ta Inna, na kira sauran masu su kowa ya ɗauki tasa. Ba su so ba, har an yi mini magana mai zafi. Naka suna bayan gidan da muke, ina ba su harawa. Sun yi ƙiba, akwai mai ciki. Ka faɗi yadda za a yi da su.

Ka yi mini addu'a. Ba na barci.

Ɗanka,
Mahadi

*

Bungudu, 20 ga Nuwamba, 2021

Mahadi,

Assalamu alaikum. Na samu takardarka. Ka gaishe da Inna Ma'u. Ina yi wa Rahama addu'a kowace salla, wannan ba zai canza ba.

Ina Bungudu. Hauwa'u ta iso gidan Sa'adiya da ƙafa, ita da jikoki biyu da ƙwarya ɗaya. Turakun da aka kafa suna nan, babu abin ɗaurewa. Na zo na yi mata gaisuwa. Ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Da ta gan ni sai ta fara ba ni haƙuri, wai yau ba ta da nonon da za ta ba ni.

Mutumin Bilbis ya yi tambaya, ka ce ba ka da amsa. Ga ta, ka kai masa, tunda kana karanta takarduna a taro. An yi wa Adamu sata, ba sau ɗaya ba. Mutanen daji suna zuwa rugarsa su nuna saniyar da suke so. In sun nuna tasa, ya bar musu. In sun nuna ta amana, ya roƙe su su bar ta, ya ba su biyu daga nasa a madadinta. Suna dariya suna karɓa, don su riba ce. Haka garken da ya gada daga mahaifinsa ya ƙare, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya koro shanun nan zuwa Tsafe, babu tasa ko ɗaya a ciki. Hauwa'u ta ce ta yi masa faɗa a kan haka shekara da shekaru, shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Nawa na iya bayarwa. Na mutane ba nawa ba ne."

Na san abin da za su ce, wai ai ya ciyar da 'yan ta'adda. To bara su wa suka yi wa mutanen daji noma kafin a bar su su girbe nasu? Ƙauyenmu ne, kai ma ka sani. Kowa ya ba da abin da aka ƙwace masa da bakin bindiga. Ku an kira ku waɗanda aka zalunta, shi an kira shi ɗan leƙen asiri.

Akwai abu ɗaya kuma. Ka rubuta cewa ka iso an gama. Hauwa'u ta ce ta gan ka tsaye a gindin tsamiya tun yana kiran sunaye, kuma da ya kai kan saniyar Inna Ma'u, wurinka ya juya ya duba. Tsohuwa ce, tana nesa, tana cikin firgita, tana iya kuskure. Kai ma kana iya faɗin gaskiya. Ban kasance a wurin ba, kuma na gaya maka "ban sani ba" ba hujja ba ce, don haka ba zan yanke maka hukunci da ita ba. Wannan ne bambancin da nake ta ƙoƙarin nuna maka. Amma abin da ka rubuta da hannunka ya ishe ni. Ka gane tsaga biyu a dama, ka gane huda a hagu, ka tsaya ka yi jayayya da mutanenka a kan shanu har suka bar maka. Ashe kana iya tsayawa.

Ka ce in an hukunta yaran, wa zai tsare gari. Ban sani ba. Na tsufa, ba ni da wata dabara da zan ba ka, kuma ban ce tsoronka ƙarya ne ba. Abin da na sani shi ne Isah bai zo Bungudu ba. An gan shi sau ɗaya, ranar da aka ba su gawar. Uwarsa ba ta faɗin inda take zaton ya nufa, ni ma ban tambaye ta ba. Duk shekarun nan, abin da ya hana yaron nan bin mutanen daji shi ne mahaifinsa yana raye.

Shanun, ka aiko su nan in an buɗe hanya. Na Hauwa'u ne. An biya kuɗin kowace da biyu, ba ni da haƙƙi a kansu. Ka gaya wa sauran masu shanun abin da na gaya maka, kowa ya yi abin da zuciyarsa ta ba shi.

Ka nemi addu'a, zan yi maka. Barci kuwa ba a hannuna yake ba.

An ce an yanke dawar gonarmu ta hanyar 'Yankuzo, kara yana tsaye. Bana babu garken da zai shiga, karo na farko tun kafin a haife ni. Shanun amana duk sun koma hannun masu su, ba a rasa ko ɗaya ba. Adamu an binne shi a bayan garin Tsafe.

Attahiru